Koriyar riga ta rana ɗaya ce: yadda iyalan Ayalan ke riƙe gadonsu a ƙasar wasu

Duk ranar 17 ga watan Maris, wata ƙaramar ƙasa ta yammacin Turai takan cika allon tele a duniya. Ƙasar ita ce Ayalan, wadda muka sani a taswirar lakwal da sunan Irlande, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. A ranar ne mutanenta da jikokinsu da suka warwatsu a duniya suke bikin Waliyyi Patirik. A Niyu Yok ana jerin gwanon da ya samo asali tun 1762, tun Amurka ba ta samu ƴancin kanta ba. A Shikago, tun 1962 ake zuba rini a kogin da ya ratsa birnin ya koma kore shar. A Landan da Sidni da Tokiyo ma ana fitowa. Iyaye su sa wa yara korayen kaya, a zana musu a kumatu hoton wani ɗan ganye mai kunnuwa uku da suke kira shamrok, a yi kiɗa da rawa har yamma.

Ni tambayar da ke raina game da wannan biki ta ranar 18 ga Maris ce. Idan an cire koriyar rigar an wanke zanen kumatu, yaron nan da aka haifa a Bostan ko Dubai me ya rage masa na ƙasar iyayensa? Ra'ayina shi ne, biki yana da amfani, kuma bai kamata a raina shi ba, amma abin da ke ratsa yaro ya zauna masa a jiki shi ne abin da ake maimaitawa kowane sati a gida da cikin tsararsa. Tarihin ƴan Ayalan ya nuna wannan ƙarara, ta inda suka ci nasara da ta inda suka yi asara, kuma ina ganin iyaye da malamai na da abin ɗauka a ciki.

Bari mu fara da dalilin warwatsuwarsu. Ƙidayar 1841 ta samu mutum fiye da miliyan 8 a tsibirin. Talakawan ƙasar sun dogara ne kusan kacokan a kan dankalin turawa. A 1845 wata cuta ta afka wa dankalin, ya riƙa ruɓewa a gona, aka shiga yunwar da ta kai har 1852. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka hau jirgin ruwa suka bar ƙasar, kuma a lokacin ƙasar na ƙarƙashin mulkin Ingila. Hijirar ba ta tsaya da ƙarewar yunwa ba, ta ci gaba shekara da shekaru. Har yau mutanen tsibirin duka, kudu da arewa, kimanin miliyan 7 ne, ba su mayar da adadin 1841 ba. A ɗaya ɓangaren kuwa, Amurkawa fiye da miliyan 30 suna cewa asalinsu daga Ayalan yake, kuma ana yawan ambaton miliyan 70 a matsayin yawan masu wannan asali a duniya. Ke nan matsalar renon yaro a ƙasar wasu tsohuwar matsala ce a wurinsu. Sun yi fiye da shekara 170 suna fama da ita, har ana iya duba zuriya biyar ko shida a ga abin da ya tsira da abin da ya ɓace.

Shi kansa Patirik baƙo ne a Ayalan. A ƙarni na 5 aka sace shi daga Birtaniya yana ɗan shekara 16, aka sayar da shi bawa, ya yi shekara shida yana kiwo, ya gudu, daga baya ya komo yana wa'azin addinin Kirista. Ranar tunawa da shi asalinta ranar ibada ce ta coci da cin abinci a gida. Jerin gwano da ganguna a ƙasar waje suka bunƙasa, a wurin baƙin haure waɗanda ake yi wa kallon raini. A Amurka da Ingila an yi zamanin da ake fitar da sanarwar neman ma'aikata a rubuta cewa kada ɗan Ayalan ya nema. Mutanen da ake yi wa haka, idan suka cika babban titin birni rana guda da tutarsu, suna faɗa wa masu gari ne cewa muna nan kuma muna da yawa. Yau abin ya kai shugaban gwamnatin Ayalan kan je fadar shugaban Amurka a wannan lokaci ya miƙa masa kwanon shamrok.

Saboda haka ba na cikin masu cewa bikin aikin banza ne. Yaron da ke zaune a ƙasar da sunansa ke yi wa malaminsa wuyar faɗa, abincin gidansu ya bambanta da na abokansa, yana bukatar rana ɗaya a shekara da asalinsa zai zama abin sha'awa, har ƴan ajinsu su ce da ma su ne. Wannan rana tana cire masa kunya, kuma yaron da ba ya jin kunyar asalinsa shi ne zai yarda ya koyi wani abu game da shi.

Amma fa biki biki ne. Mu ma mun san karin maganar da ke cewa sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. A manyan birane ƴan kasuwa sun mamaye ranar Patirik: huluna na wasa, gemun roba, da shaye-shayen da su kansu iyaye ƴan Ayalan da yawa ke nesanta ƴaƴansu da shi. Ko abincin da Amurkawa suka ɗauka shi ne na gargajiyar ranar, naman shanu da aka jiƙa a gishiri haɗe da shu, wato kabeji, a Amurka aka saba da shi. A can gida naman alade ake haɗawa da shu. Baƙin da suka sauka Niyu Yok suka tarar na shanu ya fi sauƙi a wurin mahautan Yahudawa maƙwabtansu, suka koma kansa. Ban ga laifi a wannan sauyi ba, domin al'ada mai rai tana sauyawa da wurin zama. Inda matsala take shi ne yaron da bai samu komai ba sai hula da koren fenti. Irin wannan yaro in ya girma ya je Dablin yana cewa shi ɗan ƙasa ne, sai ya ji ana yi masa wani laƙabi na ba'a mai ma'anar ɗan Ayalan na roba. Laƙabin akwai rashin adalci a cikinsa, domin yaron bai zaɓi inda za a haife shi ba, amma zafinsa na nuna akwai giɓin da aka bar masa.

Babban giɓin shi ne harshe. Ƴan Ayalan suna da harshensu na asali, Gelik, wanda ba shi da kusanci da Turancin Ingilishi yadda mai jin ɗaya zai fahimci ɗaya. Kafin yunwa miliyoyin mutane ke magana da shi, musamman talakawan yammacin tsibirin, kuma su ne yunwar ta fi kashewa da korewa. Da yawa daga cikin waɗanda suka sauka Amurka da Gelik a bakinsu suka sauka. Cikin zuriya ɗaya ko biyu harshen ya ɓace daga gidajensu, domin iyaye sun ga Ingilishi ne ke kawo aiki, suka daina yi wa ƴaƴansu magana da nasu. A can gida ma haka abin ya tafi. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Ingilishi suke koyarwa. A wasu wurare akan rataya wa yaro ɗan itace a wuya, duk lokacin da aka ji ya yi Gelik a yi wa itacen tsaga, daga baya a hukunta shi gwargwadon yawan tsagar. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasarmu a zamanin sambol, da ake rataya wa ɗalibin da ya yi Hausa ko Zabarmanci a harabar makaranta, ya gane wannan itace. Abin da ya fi ciwo a labarin Ayalan shi ne sau da yawa iyaye da kansu suke goyon bayan hukuncin, don sun san yaron jirgin ruwa zai hau, kuma a inda zai sauka Gelik ba zai sama masa abinci ba. Ba mugunta ce ta sa su ba, ƙauna ce da tsoron talauci. Amma sakamakon bai tambayi niyyarsu ba.

An yi ƙoƙarin gyara. A 1893 aka kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen, wadda ɗaya daga cikin jagororinta, Douglas Hyde, ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938. Bayan kafuwar ƙasar mai cin gashin kanta a 1922, aka mayar da Gelik darasin dole a makarantu. Tsarin mulkin 1937 ya sa shi harshen hukuma na farko, Ingilishi na biyu. An buɗe masa gidan rediyo a 1972 da tashar tele a 1996, kuma yana cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai tun 2007. To me aka samu? A ƙidayar 2022 kimanin mutum miliyan 1.9, wato wajen kashi 40 cikin ɗari, suka ce suna iya magana da shi. Amma waɗanda ke amfani da shi kullum a wajen makaranta kimanin dubu 72 ne kacal. Shekara ɗari na doka da darasin dole ba su mayar da abin da aka bari ya fita daga bakin murhu ba. Duk iyalin Ayalan da ke waje da ke son ƴaƴansa su ji ko da kaɗan daga harshen, wannan adadi ya ishe shi gargaɗi: abin da uwa da uba ba sa faɗa wa yaro a lokacin wanka da cin abinci, malami ba zai dasa masa shi da sa'a biyu a sati ba.

Yanzu mu duba inda suka yi nasara, domin nasarar babba ce. A 1884 aka kafa ƙungiyar wasannin gargajiyarsu, GAA, a garin Thurles. Manyan wasanninta biyu ne: wata irin ƙwallon ƙafa da ake haɗawa da hannu, da wani wasan sanda mai kama da ƙwallon gora da suke kira holin, kowane ɓangare mutum 15. Ƴan wasan ba a biyan su albashi, ko da kuwa sun cika filin Croke Park na Dablin mai ɗaukar mutum fiye da dubu 80. Yau ƙungiyar na da kulob fiye da 400 a wajen tsibirin, daga Amurka da Ostareliya zuwa ƙasashen Larabawa da gabashin Asiya. Iyalin da aiki ya kai wani birni, abu na farko da da yawa ke nema shi ne kulob ɗin garin. Ranar hutun sati a kai yara fili, manya su tsaya gefe suna shan shayi suna labarin gida, a nan ake jin inda ake samun haya da aiki da makaranta mai kyau. Haka kuma ƙungiyar kiɗan gargajiya, Comhaltas, da aka kafa a 1951, tana da rassa a ƙasashe da dama inda yara ke koyon goge da sarewa da ganga. Rawarsu ta buga ƙafa kuwa, tun da aka nuna wasan Riverdance a tele a 1994 makarantunta suka yawaita a duniya.

Me ya sa waɗannan suka yi aiki? A ganina dalili biyu ne. Na farko, ana maimaita su. Yaron da ya riƙe sandar holin kowane sati tun yana ɗan shekara shida, wasan ya shiga hannunsa, ba ya bukatar a yi masa lacca a kan asalinsa. Na biyu, akwai tsara. Yaro ba ya son ya zama shi kaɗai ne mai wani abu. In al'ada ta tsaya tsakaninsa da iyayensa kawai, ranar da ya kai shekara 13 zai ɗauke ta kayan tsofaffi ya ajiye. In kuwa abokansa na cikinta, to tasa ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gida ɗaya ba ya riƙe al'ada a ƙasar wasu.

A cikin gida ma, iyalan da suka fi dacewa su ne masu raba gadon a kan kalandar shekara. Ranar 1 ga Fabrairu ta Waliyyiya Birijit ce, yara kan zauna su saƙa wani ɗan gicciye da ciyawar bakin ruwa a rataye a ƙofa. A inda babu ciyawar sai a yi da abin da aka samu. Daren 31 ga Oktoba, wanda duniya ta sani da Halowin, tushensa wani tsohon bikin ƙarshen kaka ne na Ayalan da Sikotilan. A gida wata saiwa mai tauri suke sassaƙawa su sa kyandir a ciki, a Amurka ne suka samu kabewa. A daren akan yanka wani burodi mai zabibi da aka ɓoye zobe a cikinsa, yara na ɗokin ganin wanda zai samu. A jajiberin Kirsimeti akan kunna kyandir a taga don baƙo da matafiyi. Wannan al'ada ce Mary Robinson ta ɗauka bayan an zaɓe ta shugabar ƙasa a 1990, ta sa fitila a tagar fadar shugaban ƙasa don tunawa da ƴan ƙasar da ke waje. Ku lura, kusan dukan waɗannan abubuwa ne da yaro ke yi da hannunsa, ya ji ƙamshinsu, ya ci. Ba sa cin kuɗi mai yawa, lokaci suke ci.

Sai suna. Iyaye da yawa a waje sukan sa wa ƴaƴansu sunayen Gelik, irin su Siobhán da ake faɗa kamar Shibon, ko Seán da ake faɗa kamar Shon. Yaron zai gaji da gyara wa mutane yadda ake furta sunansa, amma kowane gyara dama ce ta faɗin daga ina yake. Sunayen zuriya ma labari ne: Mac na nufin ɗan wane, O kuma jikan wane, kamar yadda muke cewa Ɗan wane. Yaron da aka bayyana wa ma'anar sunansa ya samu darasin tarihi na farko.

Akwai wani aiki da aka yi a Ayalan da nake so malamai su sani, domin iyalai a waje suna cin moriyarsa har yau. Daga 1937 zuwa 1939 hukumar tattara al'adun gargajiya ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi, aka tura ƴan firamare fiye da dubu 50 daga makarantu kimanin 5000 su je wurin iyayensu da kakanninsu da tsofaffin unguwa, su rubuto tatsuniyoyi, karin magana, magungunan gargajiya, sunayen gonaki da rijiyoyi, wasannin yara, da abin da tsofaffi ke tunawa na zamanin yunwa. Abin da yaran suka rubuta a kayensu ya kai shafi dubu ɗari-ɗari, an adana shi a jami'a a Dablin, yanzu kuma an sa shi a intanet. Yarinyar da aka haifa a Kanada na iya neman sunan ƙauyen kakanta ta karanta abin da ƴan ƙauyen suka rubuta da hannunsu, wani lokaci ma ta ci karo da sunan danginta. Abin da aka yi amfani da shi kaye ne da alƙalami da malamin da ya ɗauki abin da muhimmanci.

Hukumar ƙasar ma ta buɗe ƙofa. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 aka gyara tsarin mulki, aka rubuta a ciki cewa ƙasar na daraja alaƙarta da masu asalinta da ke zaune a waje. Wanda kakansa ko kakarsa aka haifa a tsibirin na iya rajista ya samu takardar ɗan ƙasa. A lokacin babban hutu, akwai kwalejojin da ke yankunan da har yanzu ake Gelik, inda yara kan yi kamar sati uku a gidan wata uwar gida ba a yi musu magana sai da harshen. Iyalan waje masu hali sukan tura nasu, ko a kai su wurin kakanni su yi hutun. Sati uku a gidan kaka ya fi darasin shekara guda, domin a can ne yaro ke gane ƙasar iyayensa wuri ne na gaske mai ruwan sama da taɓo da maƙwabta.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Wani zai ce yaron da aka haifa a Ostareliya ɗan Ostareliya ne, don me za a ɗora masa kewar ƙasar da bai taɓa zama ba? Gaskiya ne akwai iyayen da ke mayar da gado kaya mai nauyi, su hana yaro sakewa da ƴan gari, su riƙa nuna masa cewa duk abin da ke nan bai kai na gida ba. Wannan kuskure ne, kuma darasin dole na Gelik ya nuna yadda tilas ke sa yaro ya tsani abu. Amma maganin shi ne a bar yaro ya zama ɗan wurare biyu. Ya buga wasan ƴan gari ranar Asabar, ya buga na kakanninsa ranar Lahadi. Yaro na iya ɗaukar harshe biyu da al'ada biyu ba tare da ɗaya ta ture ɗaya ba. Mu da muke ganin yaran Yamai na Hausa da Zabarmanci da Faransanci a wasa ɗaya ba ma bukatar a tabbatar mana.

Wani kuma zai ce ai ga shi harshen ya tafi amma ƴan Ayalan ba su ɓace ba, har marubutansu huɗu, Yeats da Shaw da Beckett da Heaney, sun ci kyautar Nobel ba da Gelik ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya nuna al'umma na iya rayuwa bayan harshenta ya raunana. Sai dai a tambayi su kansu ko sun ɗauki abin riba. In da riba ce, da ba su kashe shekara ɗari da dukiya mai yawa suna neman komo da shi ba, da iyaye ba sa rububin makarantun da ke koyar da komai da Gelik. Mutumin da ya riƙe kayen kakarsa bai iya karanta shi ba sai an fassara masa ya san abin da ya rasa.

Akwai kuma haɗarin da su kansu masu riƙon gado ke faɗawa: mayar da gida aljannar da ba ta sauyawa, ko gadar wa yara gaba. Iyalin Ayalan da ke Ingila dole ya faɗa wa yaro labarin yunwa da mulkin mallaka, amma ta yadda ba zai tsani abokin zamansa na aji ba. Dole kuma a faɗi ɓangaren da ba shi da daɗi. A tsibirin Mansarat na Karibiyan, 17 ga Maris ranar hutu ce, kuma suna tunawa ne da tawayen da bayi suka shirya a 1768 a kan masu gonaki, waɗanda da yawansu ƴan asalin Ayalan ne. Ita ma Ayalan ta yau ta sauya: ƙidayar 2022 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na mazauna jamhuriyar a waje aka haife shi, kuma ɗaya daga cikin fitattun ƴan tseren ƙasar, Rhasidat Adeleke, haifaffiyar Dablin ce da iyayenta suka fito daga Najeriya. Yaron da aka ba shi hoton ƙasa ta shekara 60 da suka wuce, ranar da ya sauka filin jirgi zai ji an yaudare shi.

Ƴan Ayalan ba baƙi ba ne gare mu ƙwarai. Ƙungiyoyin agajinsu, Concern a jihar Tawa da GOAL a jihar Damagaram, sun daɗe suna aiki a ƙasar nan. Amma abin da ya sa na kawo labarinsu gaban iyaye da malamai shi ne mu ma mutanen tafiya ne. Akwai zango a Kumasi da Akra, akwai zuriyar alhazan ƙafa a Sudan, akwai ƴaƴanmu a Faransa da Beljiyam da Amurka. Su ma suna da ranar da suke fitowa da babbar riga da lalle, a ci waina da kilishi a ɗauki hoto. Tambayar washegarin sallah ita ce tambayar 18 ga Maris. Kuma ba sai an ƙetare teku ba: a cikin Yamai akwai gidajen da uwa da uba ke Hausa tsakaninsu, su juya ga yaro da Faransanci, da irin niyyar kirkin da iyayen Ayalan suka yi a ƙarni na 19. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Abin farin ciki ne ga masu harshen, amma Gelik ma yana cikin tsarin mulki tun 1937, kuma mun ga adadin masu magana da shi.

Don haka ga abin da nake roƙo. Iyaye, na gida da na waje, ku ware lokacin da ba a magana da yaro sai da harshenku, ko da lokacin cin tuwon dare ne. Ku haɗa shi da kakarsa ta salula ta yi masa tatsuniya, kada hirar ta tsaya a gaisuwa. In kuna waje, ku nemi gida huɗu ko biyar irin naku ku riƙa haɗa yara kowane sati a kan wasa, langa ce ko dara ko kokowa, domin taron manya na shekara-shekara ba ya haɗa yara abota. Malamai kuma, aikin 1937 bai fi ƙarfinku ba. Ku ba kowane ɗalibi aikin hutu ya rubuto tatsuniya ɗaya da karin magana biyar da sunan wata tsohuwar rijiya ko unguwa daga bakin tsohon gidansu, da harshen gidansu, Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, a ɗinke kayen a ajiye a makaranta. Tsofaffin da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 da idonsu suna nan da rai, amma ba za su jira mu ba. Allah ya ba mu ikon miƙa wa ƴaƴanmu abin da aka miƙa mana.